Tsarabar Crosby a Birnin Dabo

Jirginmu ya sauka a filin Malam Aminu Kano cikin hazon hunturu, irin hazon da sai tayoyi sun kusa taɓa ƙasa sannan ka fara hango rufin gidaje. Ƙanena ne ya zo ɗaukata a motar abokinsa. Muka biyo ta Hajj Camp muka nufi Gwammaja, ina ta leƙen taga ina ƙoƙarin gane hanya, don gadoji da sababbin shaguna sun sauya wa garin fuska tun rabona da shi. Abin da bai sauya ba shi ne jesi. Mai adaidaita sahu da ta Chelsea, yaron mai shayi ya ɗora ta Madrid a kan rigar sanyi, ga wani ɗan dako yana tura baro da lamba 10 ta Barcelona a gadon bayansa.

Ba mu kai Ƙofar Mazugal ba ƙanen nawa ya kasa haƙuri. "Yaya, don Allah sau nawa ka shiga Anfield?"

Na ce masa tikitin Anfield, filin ƙungiyar Liverpool ta Ingila, ba a tsintarsa a hanya, ga tsada ga wahalar samu, kuma ni ƙungiyar da nake zuwa kallo ranar Asabar sunanta Marine.

"Marine kuma? A wace ƙasar take?"

Shi da abokin nasa suka yi ta dariya har muka iso ƙofar gida. A cikin tsarabar da na zo da ita akwai mayafin wuya baƙi da fari na Marine, da 'yar mujallar da ake sayarwa a bakin fili ranar wasa. Turare da agogo tun a daren suka ƙare. Waɗannan biyun kuwa ko kallo ba su ishi kowa ba.

Crosby ƙaramin gari ne a bakin teku, arewa da Liverpool, daidai inda kogin Mersey yake juyewa cikin teku. In ka hau jirgin ƙasa mai zuwa Southport daga tashar Liverpool Central, cikin minti 20 ko ƙasa da haka za ka sauka a Blundellsands and Crosby. Aiki ne ya kai ni yankin, ba ƙwallo ba. Baƙi suna zuwa garin ne saboda rairayin bakin ruwa, da mutum-mutumin ƙarfe guda 100 na Antony Gormley da aka kakkafa a wurin tun 2005, kowanne a tsaye yana fuskantar teku, ruwa ya taso ya shanye su ya koma. Ni dai iskar wurin ta ishe ni tun zuwan farko. Sanyin Kano na watan Janairu wasan yara ne a gabanta.

Filin Marine yana kan titin College Road, sunansa na asali Rossett Park. In ba nuna maka aka yi ba za ka wuce shi, don a matse yake tsakanin gidajen mutane kamar masallacin lungu a cikin gari. Ɓangare uku kawai 'yan kallo suke samu. Na huɗun babu wurin tsayawa sam: daga layin fili sai bencin koci da 'yan canji, sai shinge mai tsawo, sai bayan gidajen titin Rossett Road. A jikin shingen an maƙala lambar kowane gida, don in ƙwallo ta tsallaka a san ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa a karɓo ta. Wasu 'yan kasuwar yankin da tsofaffin ɗaliban kwaleji ne suka kafa ƙungiyar a 1894, a wani otal mai suna Marine da ke bakin ruwa a Waterloo, maƙwabciyar Crosby, kuma daga nan ta samo sunanta.

Washegari bayan azahar na shiga gari gaida Kawu a Yakasai. A bakin titi na sauka daga adaidaita na ƙarasa da ƙafa, ina ratsa lunguna, ina tsallake kwata, ina kauce wa 'yan makarantar allo. Na same shi a soro a kan tabarma, rediyo a gefe, ƙafar dama a miƙe saboda ciwon gwiwar da ƙwallo ta bar masa. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi ko ana samun tuwo a can. Sannan ya gyara hula ya ce, "Ɗan nan, an ce ka je garin ƙwallo ka ɓige da kallon 'yan dagaji." Ashe labari ya riga ni isowa.

Kawu ya yi zamaninsa, lamba 5 ya buga wa ƙungiyar unguwarsu lokacin yana aiki a masaƙa a Bompai, kuma har yau tsofaffin unguwa suna cewa in ƙwallo ta wuce shi, mai ƙwallon ba ya wucewa. Shi ne mutum na farko da ya karɓi mujallar nan da hannu biyu. Ya nisanta ta da ido yana duba hotuna.

Na ce, "Kawu, waɗannan da kuke gani, tun 1903 a fili ɗaya suke wasa."

Ya yi shiru yana lissafi. "Shekarar da Nasara suka ci Kano ke nan. Wato tun zamanin Sarki Alu ba su tashi ba?"

Na ce ba su tashi ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan, wanda ni ma ban san shi ba sai da na je can. Ranar da na fara shiga filin, dattijon da ke sayar da mujalla a bakin ƙofa ya tambaye ni daga ina nake. Ina cewa Najeriya ya ajiye abin da ke hannunsa, ya manta da layin da ke bayana, ya shiga ba ni labarin 1949.

A watan Agustan shekarar ne hukumar ƙwallon Najeriya ta zaɓi 'yan wasa 18 ta tura su Ingila, karon farko da aka haɗa tawagar ƙasa aka fita da ita waje. Jirgin ruwa mai suna Apapa suka hau daga Legas, suka yi kusan mako biyu a kan teku, suna motsa jiki a saman jirgi, suka sauka a Liverpool. Kyaftin ɗinsu Etim Henshaw, ɗan wasan Marine ta Legas, wadda ta ci Kofin Gwamna na farko a 1945. Akwai Dan Anyiam, akwai Sam Ibiam a raga, akwai John Dankaro daga Jos. Ko hutawa ba su gama yi ba, ranar 31 ga Agusta, aka kai su Crosby suka kara da Marine ta can. Babu takalmi a ƙafar mafi yawansu, sai bandeji da suka nannaɗe ƙafa da shi, yatsu a waje. Mutanen gari suka yi dafifi don su ga yadda za a buga ƙwallon fata mai nauyi da ƙafa tsirara, kuma har yau filin bai sake tara jama'a irin ta ranar ba. Aka tashi Najeriya 5, Marine 2.

Kawu ya ɗago. "Balogun yana ciki?"

Na ce yana ciki, Teslim Balogun, wanda aka yi wa laƙabi da Thunder, wanda filin wasa na Surulere yake ɗauke da sunansa. Daga baya ma ya koma Ingila ya buga wa Peterborough da QPR.

"To ai dole su ci biyar. Mutumin da ya buga ƙwallo ta fasa cikin gola ta fita ta baya."

Wannan labarin majalisa ne, tun muna yara muke jin sa, kuma kowane gari da nasa golan da aka fasa wa ciki. Ban yi masa musu ba. Na dai ƙarasa masa cewa sauran tafiyar ba ta yi daɗin farkonta ba. Wasa tara suka buga da ƙungiyoyin 'yan sha'awa na Ingila, wato waɗanda ƙwallo ba sana'arsu ba ce, suka ci biyu, suka yi canjaras biyu, aka ci su biyar, har da ranar da aka zura musu 8 babu ko ɗaya. A hanyar dawowa suka tsaya a Freetown, ranar 8 ga Oktoba suka doke Saliyo da ci 2 da nema, kuma wannan ne ake lissafawa a matsayin wasan Najeriya na farko da wata ƙasa. Ke nan wasan farko da tawagar ƙasarmu ta buga a wata ƙasa, a wannan ɗan fili na bayan gidaje ta buga shi. Su da aka ci ne suke riƙe da labarin, suna ba baƙo shi da alfahari. Mu da muka ci, a gidanmu kaf babu wanda ya taɓa jin sa.

Nan fa Kawu ya karɓe zancen, don ba zai yarda a yi hirar tarihi a soronsa Kano tana gefe ba. Ya ce mahaifinsa ya sha ba su labarin 1953, shekarar da Kano ta je Legas ta doke Dynamos da ci 2 da 1 ta ɗauko kofin ƙasa, karon farko da kofin ya bar Legas. Ya gangaro kan Raccah Rovers, waɗanda suka ci gasar ƙasa a 1978. A shekarar ne kuma Pele ya zo Najeriya, ya sa jesin Fluminense ta Brazil ya buga da Raccah a Kaduna. Kawu ya ce da shi a cikin waɗanda suka tafi Kaduna kallo, kuma albashinsa na watan a can ya ƙare.

"To ina Raccah yanzu?" Shi ya yi tambayar, shi ya ba kansa amsa da tafin hannu. Ya lissafo WRECA da Golden Stars da Bank of the North, waɗanda aka haɗe a 1990 aka samar da Kano Pillars. Duk ƙungiyar da ta yi suna a zamaninsu, ko ta kamfani ce ko ta ma'aikata, in kamfanin ya kwanta sai ta bi shi.

Ya aika jikansa cikin gida ya ɗauko wata tsohuwar jakar fata. A ciki, tsakanin takardar sallama daga aiki da rasitai, akwai hoto baƙi da fari wanda gefensa ya fara cinyewa. Mutum goma sha ɗaya, shida a tsaye biyar a tsugune, da wani yaro a gaba ya rungume ƙwallo. Jesin ba iri ɗaya ba ne, biyu daga cikinsu singileti ce. Uku ne kawai da takalmi. A bayansu ana hango ganuwa da wata bishiyar dabino. Kawu ne na biyu daga hagu, siriri, da suma, ya harɗe hannu yana hararar mai hoto. Na juya bayan hoton: babu suna, babu shekara, sai hatimin mai ɗaukar hoto da ya kusa gogewa.

Na ce, "Kawu, wane fili ne wannan?"

"Ka wuce ta kansa yanzu da za ka shigo. Inda ake sayar da tayil."

Da asubar wata ranar ƙanena ya tashe ni mu je atisayen ƙungiyarsu. Filin wata makarantar firamare ne a bayan unguwa, ana hango Dala daga tsakiyarsa in hazo ya yi sauƙi. Ƙasa ce ja mai tsakuwa, babu ko ƙwayar ciyawa, an ja layi da toka. Turakun raga na bututun ruwa ne da aka yi wa walda, ragar kuma a buhu ake zuwa da ita a ɗaura, in an tashi a kwance, don in ta kwana a nan ba za ta wayi gari ba. Ƙungiya uku ke raba filin: manya da asuba kafin 'yan makaranta su shigo, wasu bayan la'asar, yara kuma duk inda suka samu gefe. A gefen nan na tsaya na fi daɗewa, ina kallon wani ɗan ƙaramin yaro mara takalmi yana yanka waɗanda suka ninka shi tsawo, ƙafarsa ta yi fari fat da ƙura, babban yatsansa ɗaure da tsumma.

Kocinsu tela ne, shagonsa yana bakin kasuwa. Ya zo da usur a wuya da littafin makaranta mai layi a hannu, inda yake rubuta karo-karon mako: kuɗin ƙwallo, kuɗin alƙalin wasa, kuɗin ruwan leda, kuɗin motar da za ta kai su in an ba su wasa a Mahaha ko a wata unguwa. Da aka tashi, samari suka kewaye ni. Duk tambayar ɗaya ce da fuska daban-daban: ko na san wani eja, ko zan tafi da bidiyonsu, ko gaskiya ne ana ɗaukar mutum gwaji in ya biya. Ahmed Musa ne a bakin kowa, yadda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars ya wuce Holan. Na gaya musu gaskiya, ban san eja ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya kai mutum gwaji Turai a yi nesa da shi. Fuskoki suka ɗan sauya. Sai ƙanena, don ya ceci yayansa ko don ya ƙara kunna ni, ya ce, "Ku tambaye shi kulob ɗinsa."

Wani daga baya ya ce ya san sunan. "Ba su ne Tottenham ta je gidansu lokacin korona ba? Waɗanda mutane suke kallo ta katanga?"

Su ne. Kofin FA tun 1871 ake buga shi, kuma ƙungiya sama da 700 ke shiga, daga ta ƙauye har ta Firimiya. Ƙananan tun watan Agusta suke fara fafatawa, manyan sai a zagaye na uku cikin Janairu suke shigowa. A kakar 2020 zuwa 2021 Marine tana mataki na 8 a tsanin ƙwallon Ingila. Ta tsallake zagaye bakwai, ta fitar da Colchester United a bugun fenariti, ta ci Havant and Waterlooville a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci ta hannun Niall Cummins, wanda malamin makaranta ne. Sai ƙuri'a ta haɗa ta da Tottenham ta koci Mourinho, a gida. Tsakaninsu akwai ƙungiya kimanin 160, tazarar da ba a taɓa gani ba a tarihin kofin. A cikin 'yan Marine akwai mai kwasar shara, akwai mai koyon gyaran famfo. Mai gyaran famfon, Neil Kengni, shi ne ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa tun ba a ci kowa ba, ta daki ƙarfen sama ta dawo. Daga nan Tottenham ta farka. Carlos Vinicius ya ci uku, Lucas Moura ya ci bugun tazara, wani yaro ɗan shekara 16, Alfie Devine, ya cike ta biyar. Ranar 10 ga Janairun 2021 ke nan. Saboda dokar kulle ba a bar ɗan kallo ko ɗaya ya shiga ba, sai masu gidajen nan na bayan shinge, waɗanda suka fito da kujeru bayan gidajensu suna kallon tauraron Tottenham Gareth Bale a gabansu kyauta.

Samari dariyar mai kwasar shara suka yi. Koci kuwa tambayarsa daban ce. "Yallaɓai, to in ba a shiga kallo ba, ina suka samu kuɗi?"

Na ce a nan abin ya ba kowa mamaki. Da suka ga kuɗin ƙofa ya kuɓuce, sai suka sa tikitin da ba ya shigar da kowa ko'ina a intanet, fam 10 kowanne, wanda ya ga dama ya saya don taimako. Aka sayi sama da 30,000, magoya bayan Tottenham da kansu suka yi ta saya. Bayan wannan suka shimfiɗa ciyawar roba wadda ake haya duk mako, suka hau mataki na 7 a 2022, suka hau na 6 a 2024.

Amma na ce masa kada wannan rana ɗaya ta rufe masa ido, don ba ita ta riƙe ƙungiyar shekara ɗari da ɗoriya ba. Abin da ya riƙe ta ƙananan abubuwa ne masu gajiyarwa: kuɗin ƙofa duk Asabar ɗin da ake gida, allunan talla na masu shagunan gari a kewayen fili, zauren taro da ake bayarwa haya don biki, mashaya wadda mu ba hanyarmu ba ce amma tana kawo musu kuɗi, da tsofaffi masu aikin sa kai, wannan yana karɓar tikiti, wancan yana wanke jesi, wata tana dafa shayi. Sai kuma mutum irin Roly Howard, wanda ya karɓi aikin koci a 1972 bai ajiye ba sai 2005. Shekara 33, wasa 1,975, har littafin Guinness ya sa shi a matsayin kocin da ya fi kowa daɗewa a ƙungiya ɗaya. Sana'arsa ta cin abinci wankin gilashin tagogi ce.

Koci ya yi murmushi, ya ce ashe tela ma yana da sauran tafiya. Sannan ya nuna min ƙarshen filin da usur ɗinsa, inda aka jibge bulo da yashi. Ajujuwa za a ƙara, kuma ba ya jin haushi, yara sun yi yawa a aji. Sai dai kusurwar filin ta tafi, bana ba su da wurin bugun kwana ta wannan ɓangaren. "Mu duk shekara filin raguwa yake. Wanda muka baro kafin wannan, yanzu filaza ce. In aka ce mu tashi gobe, wa zan kai wa ƙara? Ba ni da takarda ko ta sisi."

Ranar Asabar da la'asar sakaliya muka shiga gidan kallo a bakin titi. Rumfar kwano, benci a jere, talabijin uku a gaba kowacce da wasanta, janareto yana ruri a baya, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Wasan ƙarfe 3 na Ingila ƙarfe 4 yake kamawa a Kano in lokacin sanyi ne, don haka ana sallame salla ake rige-rigen benci. Wanda ke kusa da ni, da ya ji daga inda na zo, ya tambaye ni ko gidajen kallon can sun fi namu girma. Na ce masa wannan wasan da muke kallo yanzu, mutumin Liverpool ba zai gan shi a talabijin ɗin gidansa ba. Tun shekarun 1960 ake da ƙa'ida a Ingila cewa ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 ba a nuna wasa kai tsaye, don kada mutane su zauna a gida su bar ƙananan ƙungiyoyi da fili babu kowa. Bai yarda ba. Ya juya ya gaya wa na bayansa, shi ma bai yarda ba, har aka ci ƙwallo a talabijin ta tsakiya zancen ya bi ihu.

Ni ban ga laifin gidan kallo ba, kuma masu cewa shi ya kashe ƙwallon gida ba su zagaya Kano ba. Garin da yake cika filin Sani Abacha a Ƙofar Mata in Pillars tana gida, ana "Sai Masu Gida" tun daga bakin titi, garin da ƙungiyarsa ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba, ba za a ce masa ba ya son tamaular gida ba. Wasan ƙarshe na kofin unguwa ma sai ka ga an hau katanga an hau bishiya, jama'ar da ta ninka wadda Marine take samu a Asabar ɗin da aka saba. 'Yan kallo muna da su har sun yi yawa, 'yan wasa kuma ba a magana. Abin da ƙungiyar unguwa ba ta da shi fili ne wanda za ta ce nan ne namu har jikoki, da wanda zai zauna ya rubuta wa ya buga, yaushe, aka tashi nawa.

Ba kuma cewa nake a Ingila komai daidai yake ba. Wasan ƙarshe na tawagar 1949 da South Liverpool aka yi shi, a filinsu na Holly Park, da dare a ƙarƙashin fitilu, aka tashi 2 da 2. Yau in ka je neman Holly Park tashar jirgin ƙasa ta Liverpool South Parkway za ka tarar a wurin. Bury, wadda ta ci kofin FA sau biyu, an kore ta daga gasar ƙwararru a 2019 saboda bashi. Ita kanta Marine zaman wuri ɗaya ya ja mata asara: ta ci gasar Northern Premier a 1994 ta sake ci a 1995, duka biyun aka hana ta hawa sama saboda filin nan mai ɓangare uku bai cika sharaɗi ba. Tarihinta ma ba na kofuna ba ne. Babban wasan da ta kai a zamanin 'yan sha'awa shi ne na ƙarshe a kofinsu na ƙasa a 1932, a filin West Ham, inda Dulwich Hamlet ta yi mata 7 da 1. Amma har wannan kashin da suka sha yana rubuce, kuma in ka tambayi dattijon bakin ƙofa zai ba ka shi daki-daki ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Kafin in bar gari na koma Yakasai da littafi da biro, bayan sallar isha'i, lokacin da majalisar su Kawu take cika a ƙofar gida. Na roƙi a sake fito da hoton, na haska shi da fitilar waya, na ce a gaya min sunayen in rubuta. Mutum bakwai aka samu ba gardama, har da sana'ar kowa da unguwar da ya koma da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na takwas aka san laƙabinsa na fili, aka rasa sunansa na yanka. A kan golan kuwa majalisa ta rabu biyu: Kawu ya ce wani ɗan Fagge ne da suka aro don wasan ranar, wani dattijo mai sayar da goro ya rantse ƙanen matarsa ne. Shekarar ma ba a daidaita ba, wasu suka ce kafin a kashe Murtala ne, wasu suka ce bayan FESTAC, kowa da hujjarsa, ɗaya da auren da ya yi, ɗaya da babur ɗin da ya saya.

Mai goro ya ce in dai ana son gaskiya, yaron nan da ya rungume ƙwallo a gaba yana nan da ransa, yana da shagon kayan keke a Sabon Gari, kuma shi ba ya mantuwa. Kawu ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in zo da mota mu je, amma in sani tun yanzu, ko me yaron ya faɗa, golan ɗan Fagge ne.